Mai dogon suma ba gawa ba ne, a koya wa masu jinyarsa aikinsu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan wasu marasa lafiya da ba su iya yi wa kansu magana, wato waɗanda suka faɗa dogon suma, abin da ma'aikatan asibiti a nan Nijar ke ce wa koma. Ni malamar makaranta ce a Tawa, kimiyyar halittu nake koyarwa, ba likita ba ce. Abin da ya ba ni bakin magana shi ne na yi jinyar ƙanena, autanmu, tun daga ɗakin masu rai a hannun Allah a Yamai har zuwa tsakar gidanmu. Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti a ƙasar nan ya san rabin jinya a hannun dangi take. Mu ne masu wanki, masu juya marar lafiya, masu ba shi abinci, masu gudu farmasi da takardar magani, amma ba wanda ke zaunar da mu ya koya mana. Ga mai karaya abin da sauƙi, shi zai ce nan ke yi mini ciwo. Mai dogon suma kuwa, rashin sanin mai jinya kan kai shi kabari, ko ya bar shi da nakasar da ba hatsarin ne ya jawo ta ba.

Autanmu kabu-kabu yake yi. Wani dare bayan isha'i ya kauce wa akuya, moto ya kayar da shi, gefen kansa ya bugi kwalta, ba hular kwano a kansa. Ya ɗan suma, ya farfaɗo, ya kaɗe rigarsa, ya turo moto har gida da ƙafarsa. Ya ce kansa ne kawai ke sarawa. Ya yi amai. Inna ta ce a bar shi ya kwanta da safe a gani, kuma kowace uwa abin da za ta ce ke nan. Kafin asuba yana wani irin minshari, ana girgiza shi ba ya tashi.

Abin da ya same shi sananne ne ga likitoci. A gefen kai, gaban kunne daga sama, ƙashi ba shi da kauri, kuma akwai jijiyar jini a ƙarƙashinsa. In ƙashin ya tsage ya yanke ta, jini yakan riƙa taruwa tsakanin ƙoƙon kai da fatar da ke lulluɓe ƙwaƙwalwa. Mutum yana tafiya yana magana, jinin yana taruwa. In ƙafa ta kumbura sai a cire takalmi, ƙoƙon kai kuwa sai likitan tiyata kaɗai ke iya buɗe shi, kafin nan ƙwaƙwalwa ce ke matsuwa. Don haka wanda ya bugu a kai, in ciwon kan yana ƙaruwa, ko yana amai, ko barci yana fizgarsa, ko baƙin idonsa ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, ko ɓarin jikinsa ya saki, ko jini ko wani ruwa garau yana fita daga kunne ko hanci, ko ya yi jijjiga, ba a jiran safiya. Hoton kai yake bukata, wataƙila da tiyata, a cikin sa'o'i kaɗan. Mu Yamai aka tura mu, tafiyar kusan kilomita 550 ta Tsarnawa da Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, ina riƙe da kansa kada ramukan hanya su riƙa jijjiga wuyansa.

Likitan da ya karɓe mu ya haska idonsa da tocila, ya kira shi, ya matse masa farce, ya juyo ya ce mini, "Malama, yana 6 cikin 15." Wannan lissafi wasu likitoci biyu ne a birnin Gilasgo, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka fito da shi a 1974, kuma yau da shi ake aiki a duniya duka. Ana duba buɗe ido a ba shi maki 1 zuwa 4, magana 1 zuwa 5, motsin jiki 1 zuwa 6. Mai lafiya yana 15, mafi ƙasa shi ne 3. Daga 8 zuwa ƙasa rauni ne mai tsanani, sau da yawa mutum ba ya iya tsare maƙogwaronsa daga abin da zai shaƙe shi. Ina ba duk mai jinya shawara ya riƙa tambayar wannan lamba kowace safiya ya rubuta. "Jiki da sauƙi" gaisuwa ce mai kyau, amma ba ta gaya maka jiya 6 ne yau 8, ko jiya 8 ne yau 6.

A ƙofar ɗakin gaggawa na ga ana shigo da mutane a sume, wuyan rigarsu jiƙe da ruwa ko fura ko rubutu. Masoyansu ne suka ɗura musu, da niyyar ceto. Wanda ya fita hayyacinsa ba ya haɗiya daidai, abin da aka zuba masa a baki huhu yake gangarawa, bayan kwana biyu ko uku sai zazzaɓi da ciwon huhu, wani lokacin shi ke kisa ba bugun kan ba. Ban raina addu'a ba, ita ta riƙe mu. Kawunmu malami ne, da aka bayyana masa sai ya ce a shafa rubutun a goshi da ƙirji, a yi tofi, a karanta masa Alƙur'ani kusa da kunne. Ba abin da aka rasa na addini, huhun yaro kuma ya tsira. Wanda ya suma yana numfashi a kwantar da shi ta gefe don amai ya fito waje, in hatsari ne a juya kai da wuya da gangar jiki tare kamar abu ɗaya, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18 ko a nufi asibiti.

Ba bugun kai kaɗai ke kawo wannan hali ba. Yaron da ya yi zafin jiki da damina ya yi jijjiga bai farfaɗo ba, a fara zargin masassarar cizon sauro ta hau masa kai. Da bazara a tuna sanƙarau, wadda a 2015 ta kashe fiye da mutum 500 a ƙasar nan. Mai ciwon suga da ya sha magani bai ci abinci ba, mai hawan jini da ya yanke jiki ya faɗi, duk hanyarsu guda ce. Yawancin waɗannan suna da magani in an yi sauri, kuma da an ce "wannan ba na asibiti ba ne, iska ce", lokacin ya wuce.

Bayan tiyata da wasu makonni, Auta ya buɗe ido. Inna ta yi sujada, aka buga waya Tawa da Abijan inda yayyenmu ke bida, aka ce ya farfaɗo. Sai dai ido a buɗe yake amma ba ya kallon kowa. Yana barci, yana tashi, yana hamma, yana nishi, kana gabansa kamar ba ka nan. A wannan gaɓa iyalai da yawa ke karyewa, domin ba a gaya musu tun farko cewa farkawa daban, sanin kai daban. Gindin ƙwaƙwalwa, wanda ke haɗe da lakar baya, shi ke kula da numfashi da barci da tashi. Sanin wane ne kai da wa ke gabanka aikin saman ƙwaƙwalwa ne da jijiyoyin da ke haɗa sassansa. Dogon suma na ainihi, ido rufe ba motsi, da wuya ya wuce mako biyu zuwa huɗu. Bayan nan ko dai mutum ya cika, ko ya dawo hayyacinsa, ko gindin ya farka ya bar saman a baya. Jennett ɗin nan da wani likitan Amurka, Fred Plum, su suka bayyana wannan hali na farkawa ba amsawa a 1972.

A 2002 wani masanin ƙwaƙwalwa na Amurka, Joseph Giacino, da abokan aikinsa suka ware wani mataki na gaba da shi, inda sani ya fara dawowa kaɗan-kaɗan, yana zuwa yana ɓacewa. Mutum ya bi abu da ido, ya miƙa hannu ga ƙoƙo, ya yi murmushi in ya ji muryar ɗiyarsa, ya bi umarni sau ɗaya ya kasa sau biyar. Bambanta matakan nan biyu yana da muhimmanci, domin wanda ke mataki na biyu ya fi samun dawowa, kuma akwai shaida cewa yana jin zafi. Amma bambantawar tana da wuya har ga ƙwararru. A wani asibitin Landan a 1996, cikin mutum 40 da aka kawo da sunan ba su san komai ba, an gano 17 suna da sani. A Beljiyam a 2009 an sake dubawa, aka samu 18 cikin 44. Kusan huɗu cikin goma ke nan, a ƙasashen da ke da kayan aiki. Dalilin a fili yake. Wasu idonsu ya lalace ba su gani, wasu jikinsu ya shanye ba abin da za su nuna da shi, kuma likita minti biyar yake yi a gefen gado, wataƙila a sa'ar da marar lafiya ya gaji. Mai jinya kuwa tana nan dare da rana.

Masu bincike na birnin Liyej a Beljiyam sun nuna cewa irin waɗannan marasa lafiya sun fi bin madubi da ido a kan yatsa ko wani abu, saboda fuskarsu suke gani a ciki. Inna tana da ɗan madubin sa kwalli a jakarta. Da hantsi, bayan an goge masa jiki, sai ta riƙe shi kamar kamu ɗaya da rabi daga fuskarsa, ta ce, "Auta, dubi nan," ta ja shi sannu-sannu zuwa dama. Ranar farko da ya bi, idon ya tafi da madubin har rabin hanya sannan ya zame. Washegari ba komai. Bayan kwana biyu ya sake bi, har ya dawo da shi hagu. Ni kuma ina rubutawa a littafin ƴan lakwal: rana, sa'a, abin da aka ce masa, abin da ya yi, har da ranakun da bai yi komai ba. Da na nuna wa likita littafin ya zauna ya karanta, ya canja sa'ar zuwansa ya gwada da kansa.

Sai dai mai jinya ta yi wa kanta adalci. In ka sa yatsa a tafin hannun mai wannan hali yakan damƙe, kamar yadda jinjiri ke yi, ba lalle ne sani ba. Hawaye da nishi da taune-taune ma haka. Abin da ke da nauyi shi ne a ce "saki hannuna" ya saki, a ce "ɗaga yatsa biyu" ya ɗaga, kuma a maimaita a ga ya sake.

Akwai abin da ya fi wannan girgiza ni. A 2006 a Kambirij ta Ingila, wani masanin ƙwaƙwalwa, Adrian Owen, ya sa wata mata ƴar shekara 23, wadda hatsarin mota ya bari ba ta amsa komai, a cikin na'urar da ke nuna sashen ƙwaƙwalwar da ke aiki. Aka ce ta raya a ranta tana wasan tanis, sannan ta raya tana zagaya ɗakunan gidanta. Sassan da suka yi aiki a kanta su ne daidai waɗanda ke aiki a kan mai lafiya in an ba shi wannan umarni. Tana ji, tana fahimta, jikin ne ya ƙi isar da saƙo. A 2024 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga wani babban bincike daga cibiyoyin Amurka da Turai: cikin mutum 241 da ba su bin umarni a gefen gado, 60 ƙwaƙwalwarsu tana bi. Ɗaya cikin huɗu. Kuma kai da ke ɗan jarida, Malam Edita, ƙila ka san labarin abokin sana'arka na Faransa, Jean-Dominique Bauby, wanda bugun jini a gindin ƙwaƙwalwa ya shanye masa jiki duka a 1995, hankalinsa garau, har ya yi shiftar littafi guda da ƙiftawar idon hagu.

Ko a Turai ba kowane asibiti ke yin waɗannan gwaje-gwaje ba, balle a ce dangi a Tawa su nema. Amma abin da suka koya mana ba ya cin ko dala: tunda ba mu san wane ne ke ji ba, mu ɗauka kowa yana ji. Masu zuwa dubiya sun ba ni wahala a nan fiye da ciwon kansa. Su zauna a bakin gado su ce, "Wayyo, ai wannan saura ƙiris," ko "Gara Allah ya ɗauke shi ya huta." Wata rana gwaggonmu ta zo daga ƙauye, ta yi sannu, ta yi kuka, sannan ta soma lissafin inda matarsa za ta yi takaba da wanda zai riƙe moto, kansa yana kusa da gwiwarta. Na durƙusa na kama hannunta na ce, "Gwaggo, don Allah mu fita inuwa, in kawo miki ruwa." A waje na gaya mata. Ba ta ji haushi ba, ta dawo ta dafa goshinsa ta ce, "Ɗana, Gwaggo ce, gero ya yi kyau bana." Daga ranar muka sa doka: duk mai shiga ya yi sallama, ya faɗi ko shi wane ne, maganar kuɗi da ta mutuwa a waje. Kafin a juya shi ko a wanke shi a gaya masa, a rufe masa al'aura kamar yadda za a rufe wa mai kallo.

Ba ina cewa kowa zai tashi ba. Ƙaryar sa rai ma zalunci ce, ta sa an sayar da gona da bisashe a banza. Wani babban kwamitin likitocin Amurka ya tattara alƙaluma a 1994: manyan da bugun kai ya bari ba su amsawa har wata guda, kimanin 52 cikin 100 sun dawo hayyacinsu kafin shekara, yawancinsu da nakasa. Waɗanda dalilinsu ba bugu ba ne, kamar tsayawar zuciya da ta hana ƙwaƙwalwa iska, kimanin 15 cikin 100 ne kawai. In an wuce wata 12 ga na farko, ko wata 3 ga na biyu, dawowa takan yi wuya ƙwarai. Ana yawan ba da labarin Terry Wallis, Ba'amurken da ya yi hatsari a 1984 ya yi magana a 2003, amma shi ɗin yana da ɗan sani tun can, bai kuma tashi ya yi tafiya ba har ya rasu a 2022. Akwai kuma mutuwar ƙwaƙwalwa duka har da gindinta, inda na'ura ce kaɗai ke hura numfashi. Wannan ba suma ba ne, ba a dawowa daga gare shi, kuma haƙƙin iyali ne a gaya musu a fili. Abin da nake roƙon likitocinmu shi ne kada a yi gaggawar yanke hukunci ta ɗaya ɓangaren. Ƙungiyar likitocin jijiya ta Amurka ta shawarci mambobinta a 2018 cewa cikin kwana 28 na farko kada su gaya wa iyali cewa duk mai wannan hali ba shi da makoma. "Sai dai addu'a, ku mai da shi gida" a mako na farko magana ce mai nauyi, domin da iyali sun ji ta sai su daina juya shi, su daina sayen magani, abin da aka faɗa kuma ya tabbata.

Da aka sallame mu, jinyar gaske ta fara, a zafin Tawa na watan huɗu da na biyar. A juya shi kowace sa'a biyu, har da tsakar dare, domin fatar da ta daɗe a danne jini ba ya isa gare ta. A duba ƙugu da ɗuwawu da diddige da kafaɗa da ƙeya, in wuri ya yi duhu ko zafi gyambo ke tafe. Shimfiɗa ta zama busasshiya ba tattara, ko tsakuwa guda a ƙarƙashin zane tana iya huda shi. Kunu ta tiyon hanci ake ba shi, a tace sosai, a ɗaga kansa da ƙirjinsa a jingine, a bar shi haka bayan an gama. A goge baki da haƙora safe da yamma, don ƙazantar baki ma huhu take sauka. A miƙe kowace gaɓa a lanƙwasa, yatsu da gwiwa da idon sawu, in ba haka ba su ƙage, ranar da hankali ya dawo a tarar ƙafa ba ta takawa. A sa masa sange. Wannan duka a wuyan mata yake, Inna da matarsa da ni, har sai da abokansa na fada suka raba dare tsakaninsu, Allah shi saka musu da alheri.

Duk abin da na lissafa a tsinci-tsinci na same shi, wani daga bakin wata ma'aikaciyar jinya mai haƙuri, wani daga wayata cikin Faransanci. Matar da ba ta yi lakwal ba, da ta zo daga Illela ko Keita da mijinta a sume, ina za ta samo shi? Ina roƙon hukumomin lafiya su sa a riƙa zaunar da mai jinya ko na sa'a guda kafin sallama, a nuna mata da hannu, a ba ta takarda mai hotuna cikin Hausa da Zabarmanci da Buzanci da Fulatanci, gidajen rediyo kuma su ɗauki maganar. Ga ƴan kabu-kabu da masu hawa bayansu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana faɗin cewa hular kwano da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, raunin kai kuma da kusan 70. Na san zafi, na san ana cewa tana hana jin mai kira. Kuɗinta bai kai na hoton kai guda ba.

Yau Auta yana tafiya, yana jan ƙafar hagu. Bai tuna komai na asibiti ba, ko madubin, kuma likita ya ce haka yake ga masu irin rauninsa, domin ƙwaƙwalwar ba ta ajiye abin da ke wucewa a lokacin, ko da ta ji shi. Yana mantuwa, yana saurin fushi, yakan faɗi abin da da can kunya za ta hana shi. Yaran unguwa sun soma ce masa taɓaɓɓe, wasu manya na cewa aljanin hanya ne ya shige shi. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, bayan goshi, shi ke riƙe wa mutum harshe da fushi, kuma yana cikin wuraren da suka fi buguwa a hatsari. Ina roƙon maƙwabta da iyayen gida da limaman unguwa, in kuna da irinsa kusa da ku, ku yi masa magana ɗaya-ɗaya ba cikin hayaniya ba, ku ba shi aikin da yake iyawa, ku tsawata wa yara, kuma in ya soma jijjiga a mai da shi asibiti, domin farfaɗiya takan biyo bayan irin wannan rauni kuma tana da magani.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Wata malamar makaranta,
Unguwar Wadata, Tawa